Sayen gida a Kano: kada kuɗi ya riga bincike fita

Mutumin da zai ɓata rabin yini a Kantin Kwari yana juya turmin atamfa, yana murza ta, yana ɗaga ta a rana don ya tabbatar ba jabu ba ce, shi ne kuma zai kwashe abin da ya tara shekara da shekaru ya miƙa a cinikin gida tsakanin Azahar da La'asar. Dalili kuwa bai wuce dillali ya raɗa masa cewa akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe da safe ba. Wannan Alhajin na gobe da safe ya raba mutane da yawa da dukiyarsu a garin nan, kuma galibi babu shi. Duk cinikin gidan da aka ce ba zai iya jiranka mako biyu ka yi bincike ba, ka bar shi ya wuce.

Farkon abin da mai saye ya kamata ya fahimta shi ne matsayin ƙasar da gidan ke kai. Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da kai da ni muke riƙewa izinin zama ne da amfani, kuma a gidajen zama akan rubuta shekara 99 a takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da satifiket. Filayen cikin birni gwamna ke bayar da su, na karkara kuma ƙaramar hukuma na da ikon bayar da izini irin na gargajiya. Dokar ta ba gwamna damar karɓe fili idan za a yi aikin da jama'a za su amfana, diyyar da ake biya kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini ko shuka ko itatuwa. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda takarda ta fi ƙawar gini muhimmanci ba.

A Kano filaye iri biyu ne a bakin mutane: awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati shi ne wanda hukuma ta yanka, ta fitar da tituna da magudanan ruwa da filin makaranta da na asibiti, kowane fuloti da lambarsa da fayil ɗinsa. Awon igiya kuwa gona ce mai ita, ko ɗan kasuwar da ya saye ta, ya yayyanka ya sayar. Da irin wannan awo ne aka gina mafi yawan sababbin unguwannin da suka bazu a Kumbotso da Ungogo da bayan Gwale, saboda shi ne talaka ke iya saya. Ba zan ce wa kowa ya guje shi ba, domin hakan daidai yake da a ce wa mai ƙaramin ƙarfi ya mutu a gidan haya. Amma ya kamata ya shiga da idonsa a buɗe. Mai yanka gona riba yake nema, saboda haka lungun da ya kamata mota ta bi sai ya zama na babur, kwata ba ta da mafita, makabarta da makaranta kuwa sai dai Allah ya kawo mai sadaka. Mafi haɗari, wata gonar tuni gwamnati ta karɓe ta ta biya diyya, ta sa ta cikin tsarinta, manomi ya ga an shekara biyar ba a zo ba, ya koma ya sake sayarwa. Takardar mai unguwa ko ta dagaci tana da amfani ƙwarai wajen tabbatar da cewa mai sayarwa sananne ne, kuma filin ba shi da rigima a unguwa. Ba ta hana katafila shigowa idan wurin yana cikin tsarin hukuma. Amsar ko yana cikin tsarin tana Ma'aikatar Ƙasa da hukumar tsara birane ta KNUPDA, can za ka je ka tambaya, da taswirar da safiyo ya zana maka a hannu.

Idan kuma an ce gidan yana da satifiket, kada ganin takardar ya sa ka saki jiki. Ana buga na jabu, ana kuma sayar da gida da kwafi alhali ainihin takardar tana ajiye a banki an ci bashi da ita. Akwai wanda zai rantse a kotu cewa takardarsa ta ɓace, ya karɓi wata, ya sayar wa mutum biyu. Maganin duk wannan abu guda ne: ka ɗauki lauya naka na kanka, wanda ba mai sayarwa ne ya kawo shi ba, ya nemi a binciko fayil ɗin a hukumance. A Kano aikin yana hannun Ma'aikatar Ƙasa da hukumar bayanan filaye ta KANGIS, kamar yadda yake a hannun KADGIS a Kaduna da AGIS a Abuja. Binciken zai nuna sunan wanda ke kan fayil, da ko an jinginar da gidan, da ko an soke izinin, da bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ya taru. Sannan safiyo ya je ya gwada, a tabbatar gidan da aka nuna maka shi ne wanda ke cikin takardar. An sha nuna wa mutum fulotin bakin titi, takarda kuma ta na can cikin lungu ce.

Ga wani kuskure da har masu ilimin boko ke yi. Mutum ya biya, an miƙa masa satifiket mai ɗauke da sunan wani, ya kai akwati ya kulle, yana ganin an gama. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a sayar da irin wannan izini ko a jinginar da shi sai da amincewar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda ta rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba. Don haka bayan ciniki akwai sauran aiki: lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi amincewar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi rajista. Da kuɗi, da jeka-ka-dawo, kowa ya sani, kuma shi ya sa wasu ke tsayawa a takardar wakilci, wadda mai gida ke ba mai saye ikon yin abin da ya ga dama da gidan. Wakilci dai wakilci ne. Ranar da mai sunan ya rasu, 'ya'yansa kake fuskanta.

Maganar 'ya'ya ta kawo mu gidan gado, kuma a nan ya kamata mai saye ya fi nutsuwa, domin yawancin gidajen cikin gari da ke shigowa kasuwa na gado ne. Babban wa zai zo da rawani da faɗin kai ya ce shi ne mai magana a gidansu, ƙannensa duk sun amince. Ka tambaye shi: magada nawa ne? Matan mamacin nawa ne, kuma an fitar musu da tumuninsu? Akwai 'ya mace da ke aure a Gusau ko Maraɗi wadda ba ta ma ji labari ba? Akwai marayu ƙanana, kuma wa alƙali ya naɗa ya tsaya musu? Akwai bashi ko wasiyya a kan mamacin da ba a fitar ba? Girman shekaru ba ya ba ɗan'uwa ikon sayar da rabon ɗan'uwansa, balle na 'yar'uwarsa. Kuma sau da yawa matar da aka raina ce take dawowa bayan shekaru, ɗanta ya girma ya san hanyar kotu. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a yi cinikin gidan gado ta hannun kotun shari'ar Musulunci, ko a kawo maka takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu da kansa ko wakilinsa na gaskiya ya sa.

Akwai kuma shuf'a, wadda mutane da yawa ba sa jin sunanta sai a gaban alƙali. A mazhabar Malikiyya, idan gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya daga cikin masu shi ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason. Wanda yake nan kuma ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. To ka duba halin wanda ya sayi irin wannan kaso, ya yi wata takwas yana gyara, sannan a ce masa ga kuɗinka, a lokacin da naira ta riga ta zube. Kafin ka sayi kason wani a gidan tarayya, sauran su rubuta cewa an yi musu tayi sun ce ba sa so.

Abin da ya faru a watan Yunin 2023 ya ƙara wani darasi. Kwanaki kaɗan da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, gwamnatinsa ta rushe gine-gine a Filin Sukuwa da tsohon otal ɗin Daula da shagunan da ke Filin Idi, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne da gwamnatin baya ta rabar ba bisa ƙa'ida ba. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa takardun hukuma ne a hannunsu, har ma kotu ta umarci a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyya daga baya. Ba shari'ar wa ke da gaskiya nake yi a nan ba. Abin da ya shafi mai saye shi ne ya tambayi tarihin wuri kafin ya tambayi farashinsa. Duk fulotin da aka yanko daga harabar makaranta ko asibiti ko masallaci ko makabarta ko jikin badala, komai kyan takardarsa, yana iya zama abin rigima ranar da mulki ya canja hannu.

Sai kuma abin da takarda ba za ta faɗa maka ba. Gida a Kano a watan Agusta ake ganin halinsa. Tsofaffin kududdufai da ruwan gari ke gangarawa cikinsu an cike da yawa da shara an yi gini a kai, ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba. Idan da rani kake ciniki, duba gindin katanga ko akwai layin danshi da gishiri-gishiri, duba ko maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofarsu fiye da kima, ka kuma yi shakkar sabon fentin da aka shafa iya gwiwa. Ka koma unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka zauna wurin mai shayi ko ka yi sallah a masallacin layin. A nan za ka ji ko rijiyoyin unguwar suna ƙafewa da bazara, ko ana samun wuta, ko 'yan daba na tare lungun da dare, ko gidan ya taɓa shiga kotu. Ɗaga kai ka dubi sama: babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 ana bar masa mita 25 ta kowane gefe, mai 132 kuma mita 15, ginin da ya shiga ciki na rusau ne. A gefen gari kuma ka binciki inda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da na Kaduna da bututun iskar gas na AKK suka ratsa.

Ginin kansa ka kai injiniya ko gogaggen magini ya duba, musamman gidan da aka gina don sayarwa. Mai irin wannan gini a tayil da fenti yake kashe kuɗi, a rodi da siminti yake tsimi. Idan bene ne, nemi taswirar ginin da KNUPDA ta amince da ita, domin akwai masu ɗora hawa a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba. Mutanen Kano ba su manta benen da ya rufta a titin Beirut a watan Agustan 2022 ba. Tambayi bashin kuɗin wuta na KEDCO da ke kan gidan, ka kuma san ko akwai 'yan haya, da ranar da kuɗinsu zai ƙare.

Dillalai akwai na kirki, waɗanda sunansu ya fi musu la'adar rana ɗaya. Matsalar ita ce jerin 'yan kayi-na-yi, inda gida ɗaya zai bi ta hannun mutum shida, kowa ya ɗora nasa, babu wanda ya taɓa ganin mai gidan. Ka dage sai an zaunar da kai da mai shi ido da ido, ka ga katin shaidarsa, sunan ya dace da na takarda. A yanke la'ada tun farko, a san wanda zai biya. Idan za ka ba da kafin alƙalami, ya zama kaɗan, a rubuta cewa za a mayar maka idan bincike ya nuna matsala.

Ranar biya, ta banki za ka biya, cikin asusun mai gidan da sunansa, a rubuta abin da aka biya kuɗin dominsa. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. A yi rubutu, a kafa shaidu, maƙwabtan gidan na kowane ɓangare su halarta su tabbatar da iyaka. Wasu na jin kunyar neman rubutu idan mai sayarwa ɗan'uwa ne ko aboki ko malami, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka.

Bayan ka saya kuma kada ka yi nisa. Kango ko fili ka kewaye shi, ka riƙa leƙawa, domin malaman Malikiyya sun yi bayanin hauzi: wanda yana nan yana kallo bare ya shekara 10 yana gini da rushewa a wurinsa bai yi magana ba, ba a sauraron ƙararsa bayan haka.

Kira na ƙarshe ga mata da kuma 'yan'uwanmu da ke neman kuɗi a Legas ko Saudiyya suna aikowa a saya musu. Hajiya, idan kuɗin gadonki ne ko na adashinki ko na sarƙar da kika sayar, sunanki za a rubuta a takarda, ko da mijinki ne ko yayanki ya tsaya a cinikin, kuma takardar ta kwana a hannunki. Kai ma da ke nesa, a turo maka hoton kowace takarda kafin ka tura ko sisi, ka kuma sa wani mutum na biyu wanda ba ruwansa da cinikin ya je ya gano maka wurin da idonsa.