JSON: Yaren da Manhajojin Wayarka Ke Magana da Shi

Duk sanda ka duba labarai ko ka tura kuɗi ta manhaja, wayarka na musayar bayanai da kwamfutar kamfanin, galibi a tsarin JSON. Douglas Crockford ne ya yaɗa shi a farkon shekarun 2000, hukumar Ecma ta fitar da ƙa'idarsa a 2013.

A ce ɗan kasuwa a Karare zai ajiye lissafin hatsinsa:

{"kaya": "gero", "buhu": 12, "an_biya": false}

Suna a hagu, bayaninsa a dama. Kalma sai da alamun zance, lamba kuwa ba ruwanta da su. Waƙafi ke raba bayanai, amma idan ka ƙara shi bayan na ƙarshe, manhaja za ta ƙi karanta lissafin gaba ɗaya. Canza gero zuwa dawa ka rubuta naka.