Rarraba Iskar Gas da Matsayinsa a Manufar Makamashi ta Nijeriya

Gabatarwa

Masana harkar mai sun daɗe suna cewa Nijeriya ƙasar iskar gas ce wadda Allah ya ƙara mata da man fetur. Ƙididdigar hukuma ta 2024 ta nuna cewa iskar da aka tabbatar tana kwance a ƙarƙashin ƙasa ta haura ƙafa-kubik tiriliyan 200, kuma babu wata ƙasa a Afirka da ta kai haka. Duk da wannan arziki wutar lantarki ba ta zama a gidaje, masana'antu da yawa kuwa da man dizal suke aiki. Al'amarin ya zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Babban dalilin haka yana tsakanin bakin rijiya da ƙofar mai saye, watau a sha'anin kai iskar inda ake bukatarta.

Abin da ake nufi da rarrabawa

Ya kamata a bambanta iskar da ake magana a kanta da wadda ake ɗurawa a tukunya don girki. Ta girki tana zama ruwa idan an ɗan matsa ta, saboda haka mota tana iya kai ta ko'ina. Ita kuwa wannan, wadda ake kunna injunan lantarki da manyan tukwanen masana'antu da ita, ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta ƙwarai da gaske, don haka hanyarta mafi araha ita ce bututu.

Harkar tana da matakai uku. Na farko shi ne haƙowa da tacewa. Na biyu shi ne ɗaukar iskar ta manyan bututai daga wannan yanki zuwa wancan. Na uku shi ne rarrabawa, inda ake rage mata ƙarfi a bakin gari, a bi da ita ta ƙananan bututai, a auna wa kowane mai saye abin da ya sha. Misalinsa kamar ruwan madatsar Tiga ne: komai cikarsa, manomin Kadawa ba ya amfana da shi sai an ja shi ta babbar magudana, sa'an nan ta ƙananan magudanai har cikin fadamarsa.

Taƙaitaccen tarihi

Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956, iskar tana fitowa tare da shi, amma da yake babu bututu babu kasuwa, sai kamfanoni suka riƙa cinna mata wuta a bakin rijiya. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta yi doka wadda ta ce a daina ƙonawa daga Janairun 1984. Lokacin ya zo ya wuce ba a daina ba, domin biyan tara ya fi shimfiɗa bututu sauƙi.

An kafa Kamfanin Gas na Nijeriya a ƙarƙashin NNPC a 1988, a 1989 kuma aka buɗe bututun da ya taso daga Escravos zuwa Ikko, watau Legas, wanda ke ciyar da tashar lantarki ta Egbin mai ƙarfin megawat 1,320. Wannan bututu shi ya ba kamfanonin rarrabawa damar kai iskar ga masana'antun Ikeja da Agbara da Ota. A 1999 jirgin ruwa na farko ya tashi daga Bonny da iskar da aka mayar ruwa zuwa Turai. Daga baya aka ja wani bututu ta cikin teku mai tsawon kilomita 678 zuwa Jamhuriyar Benin da Togo da Ghana. Ashe ke nan iskar Nijeriya ta isa Takoradi tun ba ta isa Kaduna ba.

Matsayinsa a manufar ƙasa

Akwai buri uku na gwamnati waɗanda ba su cika sai da bututu. Na farko shi ne lantarki. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru suna ba da nasu rabo, amma kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar da ke bin manyan layukan ƙasa daga tashoshin gas take fitowa. Ranar da iskar ta yanke, injin yana nan lafiya ƙalau amma ba ya juyawa.

Na biyu shi ne masana'antu. Da iskar ake yin takin yuriya a Eleme da Lekki, da ita kuma ake gasa siminti a Obajana. Saboda haka har buhun takin da manomi ke saye a kasuwar ƙauye yana da alaƙa da bututu.

Na uku shi ne sufuri. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gwamnati ta ɓullo da shirin juya motoci su riƙa shan matsattsiyar iskar gas. Amma direba ba zai juya motarsa ba sai ya ga gidan da zai sha, gidan kuwa ba ya samun kaya da araha idan yana nesa da bututu, domin sai an ɗauko masa a tanka.

Manufar Gas ta Ƙasa ta 2017 ta amince da wannan matsayi. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta ɗora wa masu haƙowa wajibcin ware wani kaso don kasuwar cikin gida, ta kafa hukumar da ke ba da lasisin rarrabawa da tsara farashi, ta kuma tanadi asusu don gina bututai.

Matsalolin da ke gaba

Babbar matsala ita ce bashi. Tun da aka sayar da kamfanonin lantarki a 2013, kuɗi yana bin sarƙa ne: mai gida ya biya kamfanin raba wuta, daga nan kuɗin ya kai ga tashar da ta samar da wutar, ita kuma ta biya mai iskar. Idan kuɗin da aka tara a ƙasa bai cika ba, wanda ke ƙarshen sarƙar shi ke kwana a ciki. A farkon 2024 wuta ta ragu ƙwarai a ƙasar, hukumomi kuwa suka danganta abin da bashin da masu iskar ke bin tashoshi. Ɗan kasuwa da ya ga mai saye a ƙetare yana biya da dala a kan kari, ba sai an gaya masa inda zai kai hajarsa ba.

Ta biyu ita ce farashi. Idan hukuma ta danne shi don wuta ta yi araha, masu jari su ja baya. Idan ta sake shi, talaka ya koka. Ta uku ita ce fasa bututu a yankin da ake haƙowa, wanda sau da yawa ya sa an rufe rijiyoyi.

Rabon Arewa

Masaƙun Kakuri a Kaduna, da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, sun dogara ne ga baƙin mai da dizal da ake ɗaukowa a tanka. Shigowar atamfar waje ta hanyar fasa-ƙwauri ta yi musu illa, amma tsadar makamashi ita ma tana cikin abubuwan da suka durƙusar da su, har aka sallami dubban ma'aikata. A watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda ke bi ta Abuja, kuma an sha ɗaga ranar gama shi. Ana sa ran ya zama sashen farko na bututun da zai ratsa Nijar zuwa Aljeriya, wanda ƙasashen uku suka ƙulla yarjejeniyarsa a 2009.

Sai dai isowar babban bututu bakin gari rabin aiki ne. Iskar ba za ta shiga Bompai ba sai an gina tashar rage ƙarfi, an sami filin da ƙananan bututai za su bi, an kuma sami masu saye da za su sa hannu a kan yarjejeniya ta shekaru, domin banki ba ya ba da rance a kan bututun da ba a san mai biyansa ba.

Kammalawa

Waɗannan ayyuka da yawansu suna hannun jihohi ne. Ma'aikatar filaye ce ke ba da hanyar bututu, hukumar tsara birane ce ke hana a yi gini a kanta, ma'aikatar ciniki ce ke tara masana'antu wuri guda don bututu ɗaya ya wadace su, jami'o'i da kwalejojin fasaha kuma su ne za su horar da masu walda da masu awo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar da ta shirya waɗannan tun da wuri ita ce masu jari za su nufa, wadda ta yi jinkiri kuwa bututu zai bi ta gefenta, mutanenta na ci gaba da sayen dizal.