Yadda Ake Rage Nauyin Sautin Da Aka Ɗauka Domin Sauƙin Aikawa

A jihar Diffa, saƙon da aka faɗa da baki ya fi wanda aka rubuta saurin isa ga jama'a. Manomin tattasai a bakin kogin Komadugu, da makiyayi a yankin N'Guigmi, da mai sana'a a kasuwar Diffa, kowannensu yana sauraren rediyo ko wayar salula. Tun daga shekarar 1999, lokacin da aka buɗe rediyon karkara na farko a Nijar a garin Bankilare, irin waɗannan gidajen rediyo suka yaɗu a ƙasar. Yau kuma ana tura murya daga waya zuwa waya cikin Kanuri, Hausa, Fulatanci, Tubanci da Larabci.

Idan ƙungiyarku ta ɗora maka ɗaukar hira ko wa'azi ko gargaɗi, za ka tarar cewa wani lokaci sautin ya yi nauyi, ya ƙi tafiya. Wannan bayani zai nuna maka dalili, da kuma yadda za ka rage nauyin ba tare da ka yi asarar aikinka ba.

Me ya sa sauti yake da nauyi?

Duk abin da aka ajiye a cikin waya ko kwamfuta ana kiransa fayil. Ana auna nauyin fayil da megabait, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Megabait 1,000 ne jigabait 1.

Na'urar ɗaukar magana mai kyau tana ajiye sauti a wani tsari mai suna WAV. Kamfanonin Microsoft da IBM ne suka fito da shi a 1991. A wannan tsari ba a zubar da komai daga abin da na'ura ta ɗauka. A ma'aunin faifan CD, na'urar tana auna sautin sau 44,100 a cikin kowace daƙiƙa, ta rubuta duka. Saboda haka minti 1 yana cin kimanin megabait 10. Shirin minti 30 zai zarce megabait 300. Inda layin intanet ba shi da ƙarfi, aika irin wannan fayil yana cinye kuɗi da lokaci, kuma sau da yawa yana yankewa a tsakiya.

Hanyoyi biyu na rage nauyi

Hanya ta farko kamar naɗe tabarma ce. Idan ka naɗe ta, ba ta cin wuri da yawa. Idan ka warware ta, za ka same ta yadda take. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, haka yake aiki. Yana rage kusan rabin nauyin fayil, kuma babu abin da ke ɓacewa. Sai dai rabin 300 har yanzu kaya ne mai nauyi, kuma ba kowace ƙaramar waya ce ke iya buɗe shi ba.

Hanya ta biyu kamar shanya tattasai ce. Ɗanyen tattasai yana da nauyi saboda ruwan da ke cikinsa. Idan ya bushe, sai ya yi sauƙin ɗurawa a buhu da kaiwa kasuwa mai nisa, kuma amfaninsa a miya yana nan. Amma ruwan da ya fita ba ya komawa. Tsarin MP3 haka yake. Masanan cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ne suka yi mafi yawan aikin ƙirƙiro shi, aka kuma tabbatar da ƙa'idarsa a 1993.

MP3 yana zubar da sautukan da kunnen mutum ba ya kamawa sosai. Ka lura da abin da ke faruwa idan injin ban ruwa yana aiki a gona: ba ka jin raɗar wanda ke kusa da kai. Babbar ƙara tana rufe ƙarama. MP3 yana gano irin waɗannan sautuka da aka rufe, ya cire su, ya bar waɗanda kunne ke ji.

Wace lamba za ka zaɓa?

Lokacin sauya fayil, kwamfuta za ta nemi ka zaɓi lamba, kamar 64 ko 128 ko 192. A gabanta za ka ga an rubuta kbps. Wannan lamba ita ce yawan bayanin da za a bar wa kowace daƙiƙa ta sauti. Babbar lamba tana ba da sauti mai kyau da fayil mai nauyi. Ƙaramar lamba tana ba da fayil marar nauyi, amma idan ta yi ƙanƙanta da yawa murya takan dusashe.

Idan magana ce kawai, kamar hira ko sanarwa, lamba 64 ta isa. Ka haɗa ta da zaɓin mono, wato sauti mai hanya ɗaya, domin mai magana baki ɗaya gare shi. Shirin minti 30 zai koma kimanin megabait 15.

Idan akwai kiɗa, kamar ganga da algaita, ka zaɓi 128 ko fiye. Shirin minti 30 zai zama kimanin megabait 29.

Ga misalin bambancin. Katin memori mai jigabait 4 zai ɗauki shirin minti 30 guda 12 kawai a tsarin WAV. A tsarin MP3 mai lamba 64, katin zai ɗauki fiye da 250.

Matakan aiki

Akwai manhajar kwamfuta mai suna Audacity, wadda ta fito a shekarar 2000. Kyauta ce, kuma bayan an saka ta ba ta bukatar intanet wajen wannan aiki. Ga yadda za ka yi:

1. Ka kwafo fayil ɗin daga na'ura zuwa kwamfuta. Ka yi masa suna mai ɗauke da kwanan wata da gari da harshe, misali: 2024-10-05 Geskeru Kanuri ambaliya.

2. Ka buɗe shi a cikin Audacity, ka saurara daga farko har ƙarshe.

3. Ka yanke tari da dogon shiru da duk abin da ba a bukata. Gyara yana zuwa kafin rage nauyi.

4. Idan kwamfutar da Faransanci take, ka shiga “Fichier”, sannan “Exporter”. Ka zaɓi MP3 da lambar da ta dace.

5. Ka tura sabon fayil ɗin cikin ƙaramar waya irin ta masu saurarenka, ka ji da kunnenka. Idan kalmomi ba su fita sarai ba, ka koma kan fayil na asali, ka sake sauyawa da lamba mafi girma.

Daga nan kana iya raba shi ta katin memori, ko bulutut, ko WhatsApp.

Kada ka share na asali

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci. Manomi yana sayar da amfanin gonarsa, amma ba ya sayar da iri. Fayil ɗin WAV shi ne irinka. Daga gare shi kana iya fitar da ƙananan kwafi ko da sau ɗari. Amma idan ka mayar da MP3 zuwa WAV, nauyi ne kaɗai zai ƙaru, ingancin da ya tafi ba zai dawo ba. Haka kuma idan ka gyara MP3 ka sake matse shi, wani sashen sautin zai ƙara zubewa. Kowane maimaici yana ƙara lalata shi.

Akwai sautin da ba a iya sake ɗauka. Tun daga shekarar 2015, rikicin Boko Haram ya raba dubban mutane da garuruwansu a bakin Komadugu da Tafkin Chadi. Dattijon da ya ba ka tarihin ƙauyensu, da sunayen kakanni, da iyakokin gonaki da wuraren kamun kifi, wataƙila ba za ka ƙara samun wanda ya san wannan ba. Irin wannan hira ka adana ta a WAV ko FLAC, domin ƴaƴa da jikoki su ji ta yadda aka faɗe ta.

Ka ajiye kwafi biyu a wurare dabam-dabam. A 2019 da 2022 kogin Komadugu ya cika ya batse, ruwa ya shiga gidaje da gonaki a yankin Diffa. Zafi da ƙura ma suna lalata na'urori, katin memori kuma yana iya mutuwa ba zato. Kwafi ɗaya ya zauna a ofishin ƙungiya, ɗaya a hannun wani amintacce a wata unguwa ko wani gari.

Haƙƙin mai murya

Ƙaramin fayil yana tafiya da sauri, kuma idan ya fita ba ka iya dawo da shi. Kafin ka ɗauki muryar mutum, ka nemi izininsa, ka gaya masa inda za a saurare ta. Idan maganar tana iya jawo masa haɗari, ka cire sunansa da sunan garinsu daga kwafin da za ka raba. Idan ya ce bai yarda a yaɗa ba, ka bar ta a ajiye.