Layin Dogo a Ƙasar Daura da Darasin Jiragen Kan Duwatsu

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1929 dogo ya kai Ƙauran Namoda, a 1930 ya kai Nguru, amma Katsina da Daura sai Turawa suka bar su a gefe. Gyaɗar da aka noma a ƙasar Daura, da fatu da ƙiraga, sai an ɗora su a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, an kai su Kano, sannan su shiga tarago. Haka aka zauna shekara ɗari da goma. Sai a watan Fabrairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kusan kilomita 284, wanda zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, ga kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar a kan kuɗi kusan dala biliyan 2.

An sha muhawara a kan aikin, mafi yawanta kuma ta siyasa ce: me ya sa Daura, me ya sa Nijar. Ni tambayar da ta fi damuna daban ce. Idan an gama shi, me zai sa ya rayu? Waɗanda suka fi kowa sanin amsa su ne mutanen ƙasashen duwatsu, domin su ne dogo ya fi ci wa kuɗi, dole ta sa suka koyi yadda za su fanshe.

Sirrin jirgin ƙasa a ƙafarsa yake. Ƙafar ƙarfe ce tana birgima a kan ƙarfe, babu abin da ke riƙe ta sai kaɗan. Mai amalanken shanu a Sandamu ko Ɓaure ya san wannan ba tare da an karanta masa ba: lodin da shanunsa ke ja cikin sauƙi a kan kwalta, shi ne ke gagararsu da zarar sun faɗa rairayi. To dogo ya fi kwalta santsi nesa ba kusa ba. Shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan kayan da sai an tara tireloli da dama kafin su kwashe. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa jiragen ƙasa na ɗaukar kusan kashi 8 cikin ɗari na zirga-zirgar fasinjojin duniya da kashi 7 na kaya, amma kashi 2 kacal suke ci daga makamashin da sufuri ke cinyewa.

Sai dai santsin nan da ke taimakonsa a fili, shi ne ke cin amanarsa a tudu. Jirgin kaya ba ya son hawan da ya wuce mita ɗaya ko biyu a cikin kowace mita ɗari, in ya wuce haka ƙafa ta fara zamewa, a gangare kuma birki ya ɗau zafi. Tirela kuwa tana iya hawan da ya ninka haka sau da yawa, ko da tana nishi. Saboda haka mai shimfiɗa dogo a dutse zaɓinsa kaɗan ne: ko ya yi ta kewaye yana hawa a hankali, ko ya fasa dutsen ya bi ta cikinsa, ko ya ƙanƙance jirgin. Kowanne da kuɗinsa, kowanne kuma da abin da yake haifarwa bayan shekaru.

Mu ma a Arewa mun taɓa gwada na ukun, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Da Turawa suka tsunduma haƙar kuza a tsaunukan Jos a farkon ƙarnin da ya wuce, a ka 'yan dako ke ɗaukar kuzar, su yi tafiyar kwanaki zuwa Loko a bakin Binuwai. Jos tana bisa tudun da ya kai kusan mita 1,200 daga matakin teku, ga shi masu kamfanonin kuza suna gaggawa, gwamnati kuma ba ta son kashe kuɗi. Sai aka shimfiɗa ɗan siririn layi daga Zariya, faɗinsa ƙafa biyu da rabi, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya isa Jos da Bukuru a 1914. Siririn layi ya fi sauƙin lanƙwasa a tsakanin duwatsu, ya kuma fi araha. Amma babban layin Legas zuwa Kano faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, don haka duk buhun kuza da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake lodawa a wani tarago. Ga jirgin ba sauri, ga shi ba ya ɗaukar nauyi sosai.

A 1927 babban layi daga Fatakwal ya hau tsaunin ta Kafanchan, ya shigo da gawayin Inugu, ya fita da kuza kai tsaye zuwa bakin teku. Daga ranar ƙaramin jirgin Zariya ya rasa abin da aka yi shi dominsa. Ya ci gaba da jan ƙafa da fasinjoji da ɗan abin da ya samu, motoci suna ƙwace masa ragowar, har aka rufe shi a 1957. Tudu bai taɓa hana shi tafiya ba, shekara 43 yana hawa yana sauka. Abin da ya kashe shi biyu ne: don kaya iri ɗaya aka gina shi, kuma bai yi daidai da sauran layukan ƙasa ba.

Suwizalan ta bi wata hanya. Ƙasa ce da tsaunukan Alfas suka ratsa, kayan da ke tsakanin Jamus da Italiya kuma ta cikinta suke bi. A kwarin da ke tsakanin tsaunuka hayaƙi ba ya samun mafita, ƙarar injin tana dawowa, fili kuma babu shi balle a yi ta faɗaɗa titi. Alhazanmu sun san irin wannan matsi a kwarin Mina, inda tun 2010 jirgi ke kwasar mahajjata zuwa Muzdalifa da Arfa a madadin dubban motocin safa. Mutanen kwaruruwan Suwizalan da suka gaji da tireloli, sai suka kai maganar akwatin zaɓe. A 1994 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka sa a tsarin mulki cewa kayan da ke ƙetare tsaunuka su koma kan dogo. A 2001 aka sa wa manyan motoci haraji gwargwadon nauyinsu da nisan tafiyarsu da hayaƙinsu, aka riƙa zuba kaso mai yawa na kuɗin a aikin dogo. Da ma can doka ta hana tirela tafiyar dare da ta ranar Lahadi. A 2016 suka buɗe hanyar ƙarƙashin dutsen Gotthard, mai tsawon kilomita 57, bayan aiki na shekara 17, domin jirgi ya wuce ta gindin dutsen ba sai ya hau ba. Yau kusan kashi 70 cikin ɗari na kayan da ke ƙetare tsaunukan ƙasar a jirgi suke bi. Jiragen nasu da lantarki suke aiki, mafi yawansa na madatsun ruwa, kuma idan suna gangarowa birkinsu kan mayar da wuta cikin waya.

Jama'a sun fi tuna ramin, don shi ne abin kallo. A ganina harajin da dokar su ne suka yi aikin. Ɗan kasuwa, a Zurik yake ko a Kantin Kwari, ba ya zaɓar jirgi don kishin muhalli. Lissafi yake yi: nawa zan biya, yaushe kayana za su isa. Ko da wannan duka, burin da suka sa wa kansu na rage tirelolin zuwa 650,000 a shekara ya daɗe yana ba su wuya.

Habasha ta fi kusa da halinmu. Layin Adis Ababa zuwa Jibuti, mai kimanin kilomita 750, yana gangarowa daga tudun da ya haura mita 2,300 har bakin teku, da lantarki yake aiki, ya fara ɗaukar kaya sosai a 2018. Ya rage kwanakin tafiya, amma ya sha fama da ɗaukewar wuta da satar kayan layi, da kuma karo da raƙuma da dabbobin makiyaya, abin da ya tilasta rage gudu da biyan diyya. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa nasu ya fi zafi. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗewa a 2016, amma ba a haɗa shi da layin Benin da ya tsaya a Parakou ba. Layin da bai kai teku ba, bai kuma kai ko'ina ba, ga shi nan kwance babu jirgi. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Idan muka dawo gida, Daura ta samu abin da waɗancan suka saya da tsada. Ban da duwatsun wajen Kazaure, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa ce har Maraɗi. Babu ramin da za a shekara ana haƙa, babu hawan da zai sa a rage taragu. Abin da ya rage shi ne ɓangaren da sauƙin ƙasa ba ya warwarewa.

Sabon layin faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon na Legas zuwa Kano kuwa 1,067. Jirgin wannan ba ya hawa wancan. Sabon layi daga Legas ya tsaya a Ibadan tun 2021, na Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, na Kaduna zuwa Kano an ƙaddamar da shi a Yulin 2021. Muddin ba a ɗinke waɗannan gutattaki ba, kwantenar da ta taso daga Apapa za ta nemi a sauke ta a sake lodawa a Kano, daidai abin da ya faru da buhunan kuza a Zariya. Kuma babbar hujjar aikin ita ce a janyo kayan Nijar daga tashar Kwatano zuwa tashoshin Najeriya. Wannan hujja tana buƙatar iyaka a buɗe. Mutanen Kongolam da Mai'aduwa sun ga rufewar 2019 zuwa ƙarshen 2020, sun kuma ga ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, wadda ta kai Maris na 2024. Tirela in an rufe nan tana iya juyawa ta nemi wani aiki. Dogo ba ya juyawa, bashin da aka gina shi da shi kuma ba ya jira.

Don haka bai kamata ƙasar Daura ta zuba ido ga kwantenar Nijar kawai ba. Jirgin da ya kawo taki da siminti da man fetur, da me zai koma? Tarago in ya koma wayam, kuɗin zuwa ne ke ninkawa. Muna da abin lodawa: shanu da tumakin kasuwar Mai'aduwa da ake kwana da kwanaki da su a tirela zuwa Kudu suna ramewa a hanya, ga wake da riɗi da zoɓo da gero. Amma waɗannan kaya ne na mutane da yawa, kowa da ɗan nasa, ba irin na kamfanin kuza ba. Sai an sami sito a tasha, da turken loda dabbobi mai ruwa da inuwa, da titi mai kyau daga Zango da Ɓaure zuwa bakin layi, da ranar tashi sananniya wadda ba ta canzawa. Fatake da dillalai in suka gwada sau biyu aka saɓa musu, sun koma wa direbansu na da. Direbobin ma bai kamata a mayar da su abokan gaba ba, domin jirgi ba ya shiga gona ko ƙofar shago, su ne za su kawo su kuma kwashe. Tun da aka gyara tsarin mulki a Maris na 2023 jihohi suka sami ikon shiga harkar dogo, gwamnatin Katsina ba ta da uzurin cewa abin na tarayya ne kaɗai.

Ƙasarmu ma tana da nata cikas ko ba dutse. Rairayin da iskar hunturu ke korowa yana cika tsakuwar da ke riƙe layi, yana toshe mahaɗa. Ruwan Agusta yana zuwa a lokaci ɗaya, kwalbatin da aka bari ya cushe zai sa ya ci gindin layi cikin dare guda, ya kuma juya ambaliya zuwa gonakin mutane. Ga burtali: makiyayan da ke sauka daga Nijar da kaka su koma da damina tun kafin a san dogo suke bin waɗannan hanyoyi. Inda ba a bar musu mashiga ta ƙarƙashi ba, ko dai su yanke shinge, ko su karkata cikin gonaki, kowanne kuwa rigima ce. Maganar tsaro ba sai an tsawaita ba. Harin 28 ga Maris 2022 ya tsayar da jirgin Abuja zuwa Kaduna har Disamba, kuma kowa ya san halin da yankin Jibiya ya shiga.

A kuma faɗi gaskiya game da muhalli. Jiragen da ke bin sababbin layukanmu na nesa da gas suke aiki, ba lantarki ba, don haka hayaƙi bai ƙare ba, raguwa ya yi. Ribar tana zuwa ne idan jirgin ya cika, ya cire tireloli daga titin Kano zuwa Daura, kwalta ta daɗe ba ta farfashe ba, haɗari ya ragu. Jirgin da ke yawo da taragu uku babu kowa a ciki ya fi motar haya ɓarnar mai. Tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya gagari mutane da yawa, saboda haka fasinja ba zai yi wuya ba in tikiti ya yi daidai da aljihu, kuma ana sayar da shi a taga ba a bayan tasha ba.

Abu ɗaya Daura ke da shi wanda Dosso ba ta samu ba: Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disamban 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Wa'adin farko na shekara uku da aka ɗibar wa layin Maraɗi ya wuce ba a kammala ba, kuma ko yaushe aka kammala, 'yan kwangila za su naɗe kayansu su tafi. Aikin da zai rage shi ne na kullum: auna layi, walda, gyaran sigina, yashe kwalbati kafin ruwan farko. Da a ce da ni ake shawara, da an raba wa ɗaliban jami'ar yankin da ke tsakanin Kazaure da Mashi tun yanzu, kowane aji da nasa kilomitoci, su san inda rairayi ke taruwa da inda ruwa ke kwanciya da inda shanu ke ƙetarawa kafin jirgin farko ya wuce.