Ina Iyakar Motar Asibitinku?

Uwargida, ko kin taɓa tambaya wace motar asibiti ce aka ɗora wa unguwarku ko ƙauyenku? Kada ki ɗauki abin wasa, gama mace in ta haihu jini ya ɓalle mata, cikin awa 2 tana iya cikawa idan ba a agaje ta ba.

Su motocin nan rabon ƙasa akan yi musu, kowace da iyakarta. A Gana, cikin Janairu 2020, Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da motoci 307, aka ce kowace mazaɓa cikin 275 ta sami tata. A ido adalci ne. Amma ki duba fa, mazaɓa a tsakiyar Akra 'yan unguwanni ce bisa kwalta, ta arewacin ƙasar kuwa ƙauyuka ne barkatai, ga hanyar burji wadda damina kan yanke. A ganina, in za a sāke shata iyaka, sai a auna minti nawa mota za ta yi kafin ta iso ƙofar gida.

Nan gida kuwa, a Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara an koya wa direbobin ƙungiyar NURTW kai mai naƙuda asibiti, ko da tsakar dare ne. To, tun ciki yana wata 7 ki sa maigida ya karɓo lambar direba, ku ware kuɗin mai. Ke kuma 'yar makaranta, rubuta wa innarki lambar a jikin bango.