Fitilar taya a motocin jif: ƙarancin iska ko ɓacin na'ura?

Da yawa daga cikin motocin jif da ke yawo a titunan Kano, kama daga Prado da Land Cruiser zuwa Lexus da Highlander, suna tafe ne da wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa a kunne a gaban direba.

Fitilar, mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiyarta, ita ce ke yin gargaɗi a kan iskar taya. Sai dai masu motoci da dama sun daina kula ta. Wasu kan liƙe ta da baƙin salatif, wasu kuma su sa makaniki ya kashe ta ɗungurungum, saboda ko an ƙara wa tayoyin iska ba ta mutuwa.

Alhali kuwa abu biyu ne kacal fitilar ke faɗa: ko dai iskar wata taya ta ragu, ko kuma na'urar da ke auna iskar ce ta samu matsala. Direban da ya iya bambance su zai huta da kashe kuɗi a banza a wurin masu faci da shagunan kayan mota na Fagge da Sabon Gari, kuma zai iya tsira daga fashewar taya a kan babbar hanya.

Asalin na'urar

Na'urar, wadda ake kira TPMS a taƙaice, ta fara bayyana ne a motar Porsche 959 a shekarar 1986, amma ba ta zama gama-gari ba sai da aka yi asarar rayuka a Amurka.

A watan Agustan 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6 da rabi daga kasuwa, bayan da aka yi ta samun motocin jif ƙirar Ford Explorer suna wuntsilawa sakamakon saɓulewar bayan taya. An danganta mutuwar mutane fiye da 200 da wannan matsala, kuma ƙarancin iska na cikin abubuwan da aka ɗora wa alhaki.

A cikin shekarar ce majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta kai ga tilasta sanya na'urar a dukkan sababbin ƙananan motoci daga watan Satumban 2007. Tarayyar Turai ta bi sahu daga watan Nuwamban 2014.

Wannan ne ya sa kusan duk wata jif ta tokumbo da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 2008 zuwa yau ke isowa Kano da na'urar a jikinta, ko mai saye ya sani ko bai sani ba.

Yadda take aiki

Tsarin iri biyu ne. A na farko, wanda shi ne ya fi yawa a manyan motocin Toyota da Lexus, kowace taya tana da 'yar na'ura da makanikai ke kira sensa, a maƙale da gindin bawul ta cikin taya. Tana da ƙaramin batir nata, tana auna ƙarfin iska, sa'annan ta aika wa kwamfutar motar da saƙo ta hanyar rediyo.

A tsari na biyu, wanda ake samu a wasu motocin Honda da Volkswagen, babu komai a cikin tayar. Kwamfutar motar ce ke lura da saurin juyawar kowace ƙafa ta hanyar na'urar birkin ABS, domin tayar da iskarta ta ragu takan ɗan ƙanƙance, ta riƙa juyawa fiye da sauran.

A ƙa'idar Amurka, wajibi ne fitilar ta kama idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin ɗari na adadin da kamfanin motar ya ƙayyade. Ke nan idan motar na bukatar awo 32 a ma'aunin psi, fitilar na iya yin shiru har sai iskar ta sauko zuwa 24.

Ma'ana, rashin kamawar fitilar ba shaida ba ce cewa iskar daidai take.

Tambaya ta farko: tana ƙyaftawa ko a tsaye take?

Binciken matsalar yana farawa ne daga lokacin da aka murza makulli.

Idan fitilar ta kama ta tsaya cak ba tare da ƙyaftawa ba, to na'urar lafiyarta ƙalau, kuma tana cewa ne iskar taya ɗaya ko fiye ta yi ƙasa.

Idan kuwa ta yi ta ƙyaftawa na tsawon minti ɗaya zuwa minti ɗaya da rabi kafin ta tsaya, to kwamfutar motar ce ta daina jin saƙon wata sensa. A irin wannan hali, ƙarin iska ba zai kashe ta ba ko da an cika tayar ta kusa fashewa.

Rashin sanin wannan bambanci ne ke sa direbobi su yi ta zarya wurin mai faci ana ƙara musu iska, daga bisani su yanke hukuncin cewa fitilar ƙarya take yi.

Idan a tsaye take

Abu na farko shi ne a auna dukkan tayoyin da geji mai kyau, da safe kafin a hau hanya, ko kuma bayan motar ta huta na aƙalla sa'o'i uku.

Adadin da ya kamata a bi yana rubuce a wata takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Lambar da ke jikin tayar ita kanta tana nuna iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da motar ke bukata ba.

Wannan na da muhimmanci a Kano, inda ba baƙon abu ba ne mai faci ya buga wa kowace mota awo 40 ko fiye, ba tare da duba ƙofar ba. Iskar da ta yi yawa na rage riƙon titi, tana cinye tsakiyar taya, kuma a galibin motoci fitilar ba ta gargaɗi a kanta.

Abu na biyu shi ne safaya. A wasu motocin Toyota da Lexus, tayar da ke rataye a ƙarƙashin mota ko a ƙofar baya ita ma tana da tata sensar. Sau da yawa akan auna ƙafafu huɗu a same su daidai, alhali safayar da aka manta da ita shekara guda ce ke kunna fitilar.

Abu na uku shi ne yanayi. Iskar taya na raguwa da kusan awo ɗaya duk lokacin da zafi ya sauka da digiri biyar zuwa shida a ma'aunin salshiyos. A lokacin hunturu, asubahin Kano kan yi sanyin digiri 13 ko 14, da rana kuma zafi ya haura 30. Tayar da dama can tana kan gaɓa za ta kunna fitilar da sassafe, ta kashe ta da hantsi. Wannan alama ce ta cewa iskar ta yi ƙasa, ba ɓacin na'ura ba.

Idan kuma an cika iska amma bayan 'yan kwanaki fitilar ta dawo, sai a nemi ƙusa, ko tsagewar bakin wili sakamakon faɗawa rami, ko yoyo a gindin bawul. Ruwan sabulu ya isa ya tona asirin wurin.

Bayan an daidaita iskar, wasu motocin na bukatar tafiyar mintuna 10 zuwa 20 kafin fitilar ta mutu. Wasu motocin Toyota suna da maɓallin saiti a ƙarƙashin sitiyari, amma kamfanin ya yi gargaɗin kada a danna shi sai an tabbatar iskar ta kai yadda aka ƙayyade. In ba haka ba, kwamfutar za ta ɗauki ƙarancin iskar a matsayin daidai.

Idan tana ƙyaftawa

Babban abin da ke jawo wannan shi ne mutuwar batir. Batirin sensa kan yi shekara biyar zuwa goma, kuma a rufe yake ruf a cikinta, don haka idan ya mutu sensar baki ɗaya ake canjawa. Jif ƙirar 2010 ko 2012 da ba a taɓa canja mata ba, ta riga ta wuce wa'adinta. Idan ɗaya ta mutu, sauran ma suna kan hanya.

Na biyu shi ne karyewa a wurin faci. Mai facin da ke ɓanɓare taya da guduma da ƙarfe, idan bai san akwai na'ura a bayan bawul ba, bugu ɗaya ya isa ya fasa ta. Wani kuma idan bawul ɗin ƙarfen ya yi yoyo sai ya cire shi ya sa na roba, ya jefar da sensar. Saboda haka wajibi ne mai mota ya faɗa masa tun kafin ya fara, ya kuma tsaya ya ga an fara ɓanɓarar daga gefen da ke nesa da bawul.

Na uku shi ne canjin wili. Masu shiga daji kan sayi manyan tayoyi da sababbin wili a Sabon Gari ko kasuwar Ƙofar Ruwa, su bar tsofaffin a shago da sensocinsu a ciki.

Na huɗu shi ne bambancin zango. Galibin motocin da aka ƙera wa Amurka da Japan suna magana ne a kan megahaz 315, na Turai kuma a kan 433. Sensar da aka ciro daga motar Turai ba za ta yi aiki a jif ɗin Amurka ba, ko da kamanninsu ɗaya, kamar dai mai neman wata tashar rediyo a kan mitar da ba tata ba.

Ko da zangon ya dace, kowace sensa tana da lambarta. A yawancin motocin Toyota da Lexus sai an shigar da sabuwar lambar cikin kwamfutar motar da na'urar bincike kafin ta gane ta. Wannan aikin mai gyaran lantarkin mota ne da ke da kayan aiki.

Irin wannan na'urar binciken ana kara ta ne a jikin taya kusa da bawul, ta tashi sensar, ta nuna lambarta da ƙarfin iskar da halin da batirinta ke ciki. Da ita ake gane tayar da ta yi shiru cikin 'yan mintuna, maimakon a sauke tayoyi biyar ana lalube. Da ita kuma ya kamata a gwada duk wata sensar gwanjo kafin a biya kuɗi, domin batirinta na iya zama sa'an wanda ya mutu.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ke kawo cikas: ruwan gam da ake ɗura wa taya don toshe huji na iya toshe ƙofar sensar, murfin bawul na ƙarfe na iya yin tsatsa ya manne har ya karya bawul ɗin, sa'annan wasu cajojin waya marasa inganci da ake sokawa a mota na iya dagula saƙon rediyon.

A motocin da ke da tsari na biyu kuwa, laka ko tsinkewar wayar ABS bayan an ratsa fadama da damina na iya kunna fitilar taya tare da ta birki.

Idan an bar kwalta

Direbobin da ke shiga yashi, kamar masu zuwa yankin Yusufari a jihar Yobe ko masu nausawa arewacin Damagaram zuwa Agadas, sukan rage iska da gangan zuwa awo 18 ko 20, domin tayar ta baje ta hau kan rairayi maimakon ta nutse.

A wannan lokaci fitilar za ta kama, kuma daidai ta yi. Ba a bukatar a taɓa saitinta. Abin da ake bukata shi ne a tafi a hankali, a guji karya kwana da ƙarfi, a kuma riƙe famfon iska mai aiki da batirin mota domin a mayar da iskar da zarar an hau kwalta.

A nan ne haɗarin yake. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, gefunanta na lanƙwashewa a kowane juyi, su ɗauki zafi. Idan aka haɗa da gudun kilomita 120 a sa'a guda, da kaya, da zafin watan Afrilu da ke kaiwa digiri 40, tayar na iya rabuwa gida biyu. Jif kuma mota ce mai tsayi, wadda ta fi ƙaramar mota saurin wuntsilawa.

'Yan Najeriya da dama ba su manta da ranar 6 ga watan Maris na 2016 ba, lokacin da ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan da tayar motarsa jif ƙirar Lexus ta fashe. Bayan haɗarin ne hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta ƙara ƙaimi wajen binciken tayoyi a manyan hanyoyi.

Abin da na'urar ba ta gani

Na'urar ba ta san shekarun taya ba, ba ta ganin tsagewa ko ƙullutu a gefenta. Lambobi huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a jikin taya su ne ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Duba wannan lamba na da muhimmanci a kasuwar da tayoyin gwanjo suka yi yawa, duk kuwa da cewa suna cikin kayan da gwamnatin Najeriya ta haramta shigo da su.

Wanda bai da halin canja sensocin da suka mutu nan take, motarsa za ta ci gaba da tafiya. Sai dai ya sani cewa daga ranar babu abin da zai gargaɗe shi idan ƙusa ta shiga tayarsa a hanyar Zariya ko ta Katsina, don haka geji ne zai maye gurbin fitilar: aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin kowace doguwar tafiya, har da safaya.