Wai daji ba ya son allura

Ranar da aka dawo da kawuna gida Tuboro bayan ƙarin ruwansa na biyu, takalman masu dubiya sun cika ƙofar zaure har sun gangara bakin kwata. Yana kishingiɗe a kan tabarma, ya ja hula har goshi saboda gashin ya fara zuba, sai wata dattijuwar maƙwabciyarmu ta duƙo kusa da matarsa, da muryar da take ganin raɗa ce, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya ba ku wannan shawara? Daji ai ba ya son allura. Ku dai ku cire shi daga hannun mutanen nan tun da sauran numfashinsa." Kawu ya ji sarai. Bai ce uffan ba, ya dai juya fuskarsa bango, kuma daren nan ko cokali ɗaya na kunu bai sha ba.

Tun daga ranar na ji wannan magana ta fi a ƙirga: a tashar mota, a kasuwar Mbaibum, a bakin masallaci, har daga bakin waɗanda suka yi boko. Ta ishe ni.

Ciwon dajin huhu, wanda ke damun Kawu, wasu ƙwayoyin jikin huhun ne ke fanɗarewa, su yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su zama tsiro. Taba ce babban sanadinsa, Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗora mata kusan kashi 85 cikin ɗari. Hayaƙin itace, gurɓatacciyar iska da ƙurar wasu sana'o'i su ma da nasu kason. A shekarar 2022 kaɗai mutum kusan miliyan biyu da rabi ya kama a duniya, ya kashe wajen miliyan 1.8, babu wani daji da ya kai shi kisa. Maganin da ake ɗurawa ta jijiya, wanda likitocinmu ke cewa shimiyo, 'yan Najeriya su ce kemo, aikinsa kashe ƙwayoyin da ke saurin rarrabuwa.

To, mu koma ga allurar. Na san inda maganar ta samo asali, kuma ban ce masu faɗinta mugaye ba ne. Abin da idonsu ya gani suke faɗa: an tafi da mutum da ƙafarsa, an sa masa ruwa, bayan wata biyu an yi jana'izarsa. Abin da ba su ƙirgawa shi ne watannin da suka wuce kafin tafiyar. Kawu ya yi tari wata uku yana shan maganin tebur. Da ya fara ramewa, aka kai shi wani asibiti, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi kan ƙwayoyin wata shida. Ba abin mamaki ba ne, don alamun sun yi kama: tari, rama, kasala, wani lokaci jini a majina, ga tarin fuka ya fi yawa a ƙasarmu nesa ba kusa ba. Ya shanye ƙwayoyin nan bai ji sauƙi ba. Sai aka ce sammu ne, aka ƙara wata biyu ana turare da rubutu. Kusan shekara ke nan ciwo yana cin karensa babu babbaka kafin wani ya ce a ɗauki hoton ƙirji mai zurfi, a ciri ɗan nama a auna. Haka yawancin mutanenmu ke isa hannun likitan daji, ciwon ya riga ya tsallaka zuwa ƙashi ko hanta. In irin wannan ya rasu bayan ƙarin ruwa biyu, sai a manta da shekara guda ta jinkiri, a kama allurar jiya.

Wanda kuma aka yi wa maganin ya tashi, ba ya yawo yana shela. Mutanenmu suna ɓoye wannan ciwo kamar abin kunya, har ka zauna da mutum a majalisa shekara biyu ba ka san ya sha shimiyo ba. Labarin mamaci ne kawai ke zaga gari.

Masu cewa a bar na Bature a koma ga itace, ina so su san wani abu. Da yawa daga magungunan nan daga itace aka tsamo su. Paclitaxel, wanda ake yawan ba masu dajin huhu, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi. Vinorelbine, da masana a Faransa suka haɗa, tushensa wata 'yar fulawa ce ta Madagaska mai ruwan hoda ko fara, irin wadda ake shukawa don ado a ƙofar ofisoshi. Bambancinsu da jarkar maganin gargajiya da ake sayarwa a tasha shi ne an tace, an gwada a kan dubban mutane, an san adadin da ke kashe ciwo da adadin da ke kashe mai ciwon, ana kuma auna tsayinka da nauyinka da ƙarfin ƙodarka kafin a ɗiba maka. Mai jarka da me ya auna? A 2018 masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka fitar da bincike kan masu dajin nono, huhu, hanji da na mafitsarar maza waɗanda ciwonsu bai bazu ba, suka ƙi na asibiti suka tsaya ga na gargajiya kaɗai. Haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi. Can ma akwai masu jarka, kwalbarsu ce kawai ta fi tamu kyau.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, maganin yana da wuya, kuma in ciwon ya bazu, galibi ba ya tumɓuke shi. Yana rage tsiron, numfashi ya buɗe, tari da zafi su lafa, kwana ya ƙaru da yardar Allah. In an kama shi da wuri, aka haɗa da tiyata ko gashi da na'ura, ana iya warkewa. Likitan kirki zai gaya maka wanne ake nema a kanka, in kuma bai faɗa ba, ka tambaya, haƙƙinka ne. Akwai kuma hanya ɗaya da maganin kan jawo mutuwa da gaske, kuma ita ce ya kamata masu dubiya su riƙa yaɗawa maimakon raɗa.

Ana ba da maganin ne zagaye-zagaye, galibi duk kwana 21, sau huɗu zuwa shida. Kwanaki biyu ko uku na farko tashin zuciya ne da kasala. Daga wajen kwana na 7 zuwa na 14 fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suna sauka ƙasa warwas. A mako na uku su farfaɗo, mutum ya ji kamar ba shi ba. Wannan mako na tsakiya shi ne ramin. Zazzaɓin da a da za ka sha paracetamol ka ja bargo, yanzu yana iya kwantar da mutum cikin yini guda. Saboda haka kafin a sayi kaza ko lemon kwali, a sayi ma'aunin zafin jiki, kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba. In ya nuna 38, ko jiki ya kama karkarwa, ko da ƙarfe biyun dare ne, sai asibiti mafi kusa, da takardar maganin a hannu, a ce wa ma'aikacin, "Wannan yana kan shimiyo, yau kwana kaza." Kada a danne zazzaɓin da ƙwaya a ce sai da safe. Kada a ce ai maleriya ce ta saba. Ko ita ce, a jikin da ba sojoji ba ta da wasa. Gidan sauro kuwa ya zama dole, rani da damina.

A makon tsakiyar nan ne kuma ya kamata a rage dubiya. Na san nauyin abin. Ka ce wa surukinka da ya taso daga Cholire kada ya shiga ɗaki? Mu dai da muka ga uwar bari, sai muka shimfiɗa wa Kawu a inuwar tsakar gida inda iska ke wucewa, muka ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, ƙaninsa ya zauna yana karɓar gaisuwa a madadinsa. Mai mura ko tari ya yi addu'arsa daga zaure, Allah yana ji. Abin haushi, mutanen da ke cunkushewa a kansa suna tari su ne kuma ke cewa a ware masa kwano da kofi. Daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko ta numfashi, ko ta kwano, ko ta shimfiɗa. Maras lafiyan ne ke tsoron cutarku. Ku ci tare da shi, a wanke hannu kawai.

Cin abinci yaƙi ne na kansa. Baki kan yi ɗaci kamar an tsotsi ƙarfe, ƙamshin miya ma ya tayar da zuciya. Maganin hana amai a sha shi yadda aka rubuta, tun kafin aman ya zo. A bar zancen malmala uku, a koma kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai: kunun gyaɗa mai tsamiya, dafaffen ƙwai, alala, romon kifi, tuwo mai laushi da miyar kuka. Kawu ya ƙi cokalin ƙarfe, da ludayin duma ya riƙa sha, kuma abinci mai ɗan sanyi ya fi shigar masa. Nonon da ba a tafasa ba, latas da tumatirin da ba a wanke da kyau ba, tsiren da ya yini a kan tire, duk a dakata. Masu cewa a hana shi nama da ƙwai da sukari wai don a kashe ciwon da yunwa, maras lafiyan suke kashewa. In nauyinsa ya zube, likita ma ba zai iya ci gaba da ba shi maganin ba. In baki ya yi gyambo, a kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau da yawa a yini.

Ruwa kuma a sha da yawa, tafasasshe, musamman wanda ake ba cisplatin, don yana taɓa ƙoda, balle a zafin Maris da Afrilu. Saboda ƙodar nan ne nake roƙon 'yan uwa su daina ɗura masa jiƙe-jiƙe a ɓoye, su daina sayo masa diclofenac da ibuprofen a tebur. Duk abin da za a ba shi, a nuna wa likita tukuna. Addu'a da sadaka ba su karo da kowace allura, a yi su ba dare ba rana. Azumi kuwa malamai sun gama bayani a kan rangwamen maras lafiya, haka salla a zaune da taimama. Kada kunya ta sa mutum ya yini da ƙishi washegarin ƙarin ruwa. A nisanta shi da hayaƙin murhu, a rufe hanci lokacin hunturu, mai taba kuma ya yar da ita ko yanzu, ba a makara ba.

Sai nisa, wanda shi ne ciwonmu na biyu mu mutanen Mayo-Rey. An daɗe manyan wuraren maganin daji suna Yawunde da Duwala. Daga Tuboro sai ka bi kwalta zuwa Ngaundare, ka kwana a jirgin ƙasa sama da kilomita 600, ka sauka da safe a galabaice, bayan mako uku ka sake. Dabara ɗaya ta rage mana asara: kafin kowane zagaye sai an auna jini, in bai kai ba a ɗaga. Sai muka roƙi lambar ma'aikaciyar sashen, muna yin awon tun a arewa, mu tura hoton takardar ta WhatsApp, ta ce a taho ko a jira. A kuma tambaya ko akwai abin da za a iya yi a Garwa ko Ngaundare. Kuɗi ma a tambayi jimillarsa tun farko, a zaunar da dangi, a naɗa mutum ɗaya ma'aji. Wanda ya sayar da shanu ya yi zagaye biyu ya tsaya, ya sha wuyar, bai ci ribar ba.

Kyakkyawan zato ba ya samuwa da ƙarya. Mun so mu ɓoye wa Kawu sunan ciwon, kowa na cewa "ai sanyi ne ya kama ƙirji". Wata rana ya kira ni ya ce, "Ɗana, ni ba yaro ba ne. Na ga yadda innarka ke fita tana share ido. Gaya mini abin da likita ya ce." Da na gaya masa, ya yi shiru, ya yi salati, sannan ya sa aka kawo masa littafin basussukansa. Daga ranar ya fi samun barci. Mutumin da ya san abin da ke damunsa shi ke riƙe ranakun maganinsa da kansa, ya faɗi inda ke masa zafi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Zafin ma ba jarunta ba ce a jure shi. In likita ya rubuta morfin, ba alamar an sallama mutum ba ce. A 2010 an buga wani bincike daga wani babban asibiti a Boston kan mutum 151 masu dajin huhu da ya bazu: waɗanda aka fara kula da zafinsu da damuwarsu tun farko, tare da maganin dajin, sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin cikinsu ya ragu, kuma a tsakaice sun rayu wata 11.6, sauran kuwa 8.9.

Kawu ya liƙa kalanda a bangon ɗakinsa, yana zagaye makon tsakiya da jan biro, na uku da shuɗi. Duk abin da yake so ya yi, a shuɗin yake sa shi. A shuɗi ya je ya ga gonar audugarsa, yana zaune a bayan babur. A shuɗi aka ɗaura auren 'yarsa, ya sa aka matsar da ranar da kwana biyar. Ko a jan ma, da la'asar yakan taka daga ƙofar gida zuwa gindin darbejiya ya dawo, rediyonsa a kafaɗa, don likita ya ce kwanciya tana ƙara kasala.

Ya gama zagaye shida. Hoto ya nuna tsiron ya ragu, bai ɓace ba, kuma duk bayan wata uku sai ya koma a duba. Gashin ya fito, fari fat, mai laushi kamar na jariri. Dattijuwar nan ta sake zuwa kwanan baya, ta same shi a zaure yana ɓare gyaɗa, ta ce, "Malam, ashe jiki ya yi kyau. Wane mai magani kuka samu?" Ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna mata jijiyar da allura ta mayar baƙa.